Taurari nawa ne suka isa a yarda da injin zuƙe ƙura?

Tambaya: Malam, ina so in sayi injin zuƙe ƙura saboda ɗana yana fama da asma, falo da ɗakunan kwana kuma duk kafet ne. Na tsaya tsakanin guda biyu a intanet. Ɗaya tauraro 4.7 gare shi daga mutum kamar 300, ɗayan kuma 4.3 daga mutum sama da 9,000. Na kalli bidiyo sun fi goma, kowa sai yabo yake yi. Maganar wa zan kama?

Amsa: Malama, Allah ya ba yaron lafiya. Na shafe shekaru ina kwance irin waɗannan injina ina gyarawa, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, adadin taurarin nan shaida ce ta mutane, ita kuwa shaida ba a karɓarta sai an san wanda ya bayar, da lokacin da ya ga abin, da kuma ko idonsa zai iya kaiwa inda yake cewa ya gani. Idan kika riƙe wannan, rabin ruɗanin ya tafi.

Mu fara da lokacin. Yawancin masu saye suna rubuta ra'ayinsu ne a makon farko ko na biyu, domin a lokacin ne shagon ke turo musu saƙo yana neman su ba da maki. A wannan makon injin yana kan ganiyarsa. Filtarsa fes, burushinsa babu gashi ko zare da ya naɗe, batirinsa sabo fil, robobin da ke toshe mahaɗai ba su saki ba. Mai saye kuma yana kwatanta shi ne da tsohon da ya gaji ya jefar, ko da tsintsiya. Dole ya burge shi. Ni kuwa injin ba ya zuwa teburina sai bayan wata goma sha huɗu, ko shekara biyu, lokacin da mesar ta tsage a wuya, ko batiri ya koma minti huɗu, ko maɓallin da ake dannawa ya karye kuma ba a sayar da shi shi kaɗai. Mutumin da ya ba da tauraro biyar a makon farko da wuya ya koma ya gyara abin da ya rubuta. Makinsa yana nan zaune yana ta ja wa injin masu saye, alhali injin yana cikin sito a mace.

Sai kuma abin da idon mai saye ba ya gani, wanda a wurinki shi ne mafi muhimmanci. Injin da ba shi da jaka yana da kwandon roba mai haske, kana shara kana ganin datti yana juyawa a ciki. Wannan kallon yana faranta rai ƙwarai, kuma sharhi da yawa a kansa aka gina su: "kwandon ya cika a shara ɗaya." Amma mafi yawan abin da ke cika kwandon tun farko gashin kafet ne da zare da ƙura mara nauyi, masu kumbura su ɗauki wuri. Yashi da ƙasa masu nauyi da suka nutse a gindin kafet, waɗanda su ne ke yanka zaren suna tsufar da shi, ba wanda zai san nawa aka ciro nawa aka bari sai da sikeli. Haka nan ƙurar da injin ke hurowa ta baya. Wadda ke tayar da asma ta yi ƙanƙantar da ido ba ya kama ta. Mutum zai iya share ɗaki, ƙasa ta yi kyau, ya ba da tauraro biyar da zuciya ɗaya, alhali injin ya kwashe ƙurar daga ƙasa ya watsa mafi laushinta a iskar da za a shaƙa. Bai yi ƙarya ba. Ya faɗi abin da ya gani ne, abin da kike nema kuma yana inda bai gani ba.

An taɓa auna wannan tazarar. A 2016 wasu masu bincike na Jami'ar Kolorado a Amurka sun ɗauki kaya 1,272 daga nau'i 120, suka kwatanta taurarin da masu saye suka ba su a shagon intanet na Amazon da makin da ƙungiyar masu saye ta Consumer Reports ta ba su bayan gwaji. Suka tarar idan aka ɗauki kaya biyu iri ɗaya, wanda ya fi taurari shi ne ke fin maki a ɗakin gwaji a kashi 57 cikin 100 na lokuta kawai. Wanda ya rufe ido ya nuna ɗaya zai dace a kashi 50. Sun kuma ga cewa kaya masu tsada da masu babban suna suna samun ƙarin taurari ko da ingancinsu bai fi ba. Ba na ɗaukar wannan a matsayin cewa ra'ayin jama'a banza ne, zan dawo kan amfaninsa, amma ya isa ya nuna miki cewa bambancin 4.7 da 4.3 bai kai a gina hukunci a kansa ba.

Game da mutum 300 da 9,000, mutum 300 sun isa a san wani abu, idan duk na gaskiya ne. Matsalar ƙaramin adadi ita ce yana da arhar saye. Ki ɗauka mutum 200 na gaskiya sun ba injin matsakaicin 4.2, sai mai sayarwa ya sa aka ƙara masa tauraro biyar-biyar guda 100. Makin zai tashi zuwa kusan 4.5. Waɗannan guda 100 ɗin idan aka zuba su cikin 9,000, ko motsi makin ba zai yi ba. Ƙari a kan haka, injin mai 300 wataƙila bai daɗe da fitowa ba, wato duk shaidunsa 'yan makon farko ne, shi kuwa mai 9,000 ya daɗe har masu ƙorafin shekara ta biyu sun samu sun shigo sun rage masa maki. Sau da yawa 4.3 na tsohon kaya ya fi 4.7 na sabo nauyi, domin ya sha rana ya sha ruwa kafin ya tsaya a nan.

Sayen sharhi kuma ba zargi ba ne, abu ne da hukumomi suka kama suka hukunta. Amazon ta hana ba da kaya kyauta a madadin sharhi tun watan Oktoba na 2016, in ban da ta shirinta mai suna Vine, inda ake manna alama a jikin sharhin. Harkar ba ta mutu ba, sai ta koma ɓoye. A 2021 kamfanin ya ce ya kori kusan tambari 600 na 'yan kasuwar Sin saboda maguɗin sharhi, a watan Yuli na 2022 kuma ya kai ƙarar masu kula da zauruka sama da 10,000 na Facebook inda ake haɗa masu sayarwa da masu rubuta yabo. Yadda ake yi shi ne, mutum ya sayi kayan da kuɗinsa, ya rubuta tauraro biyar, sai a mayar masa da kuɗin ta bayan fage. Saboda haka alamar nan da ke cewa an tabbatar mutumin ya saya, tana rage shakka amma ba ta kawar da ita. Akwai kuma 'yar takardar da ake sakawa cikin kwali, ana yi wa mai saye alkawarin kyautar filta ko ƙarin garanti idan ya ba da biyar. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wata dabarar ta fi wannan wuyar ganewa. Shagunan intanet suna barin mai sayarwa ya haɗa kaya masu kama da juna a shafi ɗaya, kamar launi daban-daban na abu guda, taurarinsu su zama na tarayya. Sai wasu su liƙa sabon kaya a shafin tsohon da ya riga ya tara yabo. A 2023 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta ci wani kamfanin magungunan ƙarin kuzari mai suna Bountiful tarar dala 600,000 a kan irin wannan. A injinan shara abin yana faruwa ko ba da niyyar cuta ba, domin kamfani ɗaya yakan fitar da samfuri biyar masu suna kusan ɗaya, bambancinsu harafi ɗaya ko lamba ɗaya, amma wani da burushi mai moto, wani babu, wani da babban batiri, wani da ƙarami. Don haka mutum 9,000 ɗin nan ma sai kin duba. A ƙarƙashin sunan kowane mai sharhi yawanci ana rubuta samfurin da ya saya. Idan rabinsu wani samfurin suke magana a kai, to shaidarsu ba ta naki ba ce.

Sharhin da ke shafin kamfanin da ya ƙera injin kuwa, shi ne mafi ƙarancin nauyi a wurina. Mai shafi shi ke da ƙofa. A 2022 FTC ta ci kamfanin tufafi na Fashion Nova dala miliyan 4.2 bisa zargin ya riƙa ɓoye sharhin da bai kai tauraro huɗu ba. Yanzu dokoki sun ƙara tsanani: dokar Amurka da ta haramta sharhin bogi da sayensa ta fara aiki a watan Oktoba na 2024, ta Birtaniya kuma a watan Afrilu na 2025. Na yi farin ciki da su, sai dai doka tana cafke wanda aka kama ne, mai sayarwa da ke wata ƙasa can yakan canza suna ya dawo.

Bidiyoyin da kika kalla, ki koma ki duba rubutun da ke ƙarƙashinsu. Idan akwai adireshin da za a latsa a saya, to mai bidiyon yana da la'ada a kan duk wanda ya saya ta hanyarsa. Wannan ba haramun ba ne, kuma akwai masu gaskiya da ke rayuwa da shi. Amma ki lura da inda la'adar ke tura mutum: ba ya samun komai idan ya ce kada ki sayi ko ɗaya, kuma yana samun mafi yawa idan kika sayi mai tsada. Idan kamfani ne ya aiko masa da injin kyauta kafin a fara sayarwa, ya san kushe ɗaya mai zafi na iya sa a daina aiko masa. Abin da nake nema a wurin mai bidiyo shi ne, ya taɓa cewa wani injin bai yi ba? Ya taɓa dawowa bayan wata shida ya ce ga abin da ya lalace? Yana amfani da sikeli? Wanda duk injin da ya shigo hannunsa shi ne "mafi kyau a bana", talla yake yi.

Irin gwajin da ake nunawa ma abin dubawa ne. A watsa ƙwayoyi masu launi da guntayen takarda a kan tayil, a bi da injin sau ɗaya, wuri ya yi tas. Kusan kowane injin da ke da rai zai yi wannan. Ko a liƙa bakin mesa a jikin ƙwallo mai nauyi a ɗaga ta sama. Wannan yana nuna ƙarfin tsotso ne a lokacin da bakin ke toshe, wato lokacin da iska ba ta wucewa ko kaɗan, alhali iska mai gudu ce ke ɗaukar datti ta kai shi jaka. Injin da bakinsa ya manne da kafet har iska ta kasa shiga, turawa ma wahala yake yi, kuma ba ya kwasar komai.

Wannan ya kawo mu ga lambobin da ke jikin kwali, waɗanda masu sharhi ke kwafowa kamar su suka auna. Wat ɗin da aka rubuta da manyan haruffa, wutar da moto ke sha ce, ba aikin da yake yi ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade injinan gida masu waya kada su wuce wat 1,600 daga watan Satumba na 2014, ta sake ragewa zuwa 900 daga Satumba na 2017, tare da sharaɗin ƙararsu kada ta wuce desibel 80, moto ya yi aƙalla awa 500, mesa kuma ta jure lanƙwasa sau 40,000. Kamfanoni suka gyara hanyar iska da kan burushi, injinan suka ci gaba da share gidaje. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Faskal, wato ma'aunin ƙarfin tsotso da ake rubuta wa injinan batiri da masu yawo da kansu, shi ne wancan tsotson na toshaffen baki, kuma kowane kamfani da inda yake aunawa, wani a bakin moto, wani a ƙarshen mesa. "Har minti 60" da ake cewa game da batiri, a mafi ƙarancin ƙarfi aka auna, galibi ba tare da burushi mai moto ba. A mafi girman ƙarfi, wanda kafet mai kauri ke bukata, injina da yawa ba sa wuce minti goma. Duk sharhin da ya jero waɗannan lambobin ba tare da ya ce "na kunna agogo na gani" ba, kwali ya karanta miki.

Kalmar HEPA ita ce ta fi shafar ɗanki, don haka bari in tsaya a kanta. A ma'aunin Amurka, filtar HEPA ita ce mai tare aƙalla kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikuron 0.3 (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). A ma'aunin Turai mai lamba EN 1822, ajin H13 yana tare kashi 99.95, H14 kuma 99.995. Idan kika ga an rubuta "irin HEPA" ko "mai kama da HEPA", ba a yi miki alkawarin komai ba. Kuma ko filtar ta gaskiya ce, alkawarin na filtar ne ita kaɗai. Na buɗe injina da dama masu kyakkyawar filta, amma robar da ke zagaye da ita ba ta zauna daidai ba, ko murfin yana da 'yar kafa, sai ka ga layin ƙura baƙi a bayan filtar, inda bai kamata a ga komai ba. Iska takan bi hanya mafi sauƙi. Abin da za ki nema shi ne a ce an auna injin gaba ɗayansa an tabbatar a rufe yake ruf, kuma wanda ya auna ya nuna yadda ya yi, ko da na'urar ƙidaya ƙura a bakin fitar iska, ko da hayaƙin da ake zuƙa a ga ko zai ɓullo ta gefe. Duk wani alkawarin kashe ƙwayoyin cuta kuma ki yi taka-tsantsan da shi. A 2011 kamfanin Oreck ya biya dala 750,000 bayan FTC ta ƙalubalanci tallansa na cewa injinsa mai fitila ta musamman yana kare mutane daga mura.

To wa ke aunawa da gaske? Akwai ƙungiyoyin masu saye da wannan ne aikinsu: Consumer Reports a Amurka tun 1936, Which? a Birtaniya tun 1957, CHOICE a Ostareliya tun 1959, Stiftung Warentest a Jamus tun 1964. Abin da ya ba su daraja a wurina shi ne, da kuɗinsu suke sayen kayan a kasuwa kamar kowa, ba sa jiran kamfani ya zaɓo musu, kuma ba da tallan kamfanoni suke rayuwa ba. Gwajin kafet na gaskiya haka yake tafiya: a auna yashi mai laushi da hoda a sikeli, a barbaɗa a kan kafet, a bi da abin daddanna mai nauyi har ya nutse, sannan a tura injin sau adadi sananne da gudu sananne, a sake aunawa a ga nawa aka ciro. Kowane injin a yi masa daidai yadda aka yi wa ɗan'uwansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma sai gwajin ya zama ɗaya ga kowa.

Su ma masu gwajin ba a rufe ido a bi su. Misalin da ba na mantawa shi ne na takardar maki da Tarayyar Turai ta wajabta manna wa injinan shara daga 2014. Ana gwajin ne da jaka babu komai a ciki. Kamfanin Dyson ya kai ƙara, yana cewa ba wanda ke shara da jaka wofi kullum, kuma injin mai jaka yana rage ƙarfi yayin da ƙura ke toshe ƙofofinta. A watan Nuwamba na 2018 kotun Tarayyar ta ba shi gaskiya ta soke dokar, a farkon 2019 aka daina manna takardar. Wato shekara huɗu ana sayar da injina da maki na hukuma wanda aka gina a kan yanayin da bai yi kama da na gida ba. Tun daga nan, duk gwajin da na karanta sai na duba ko an sake aunawa bayan jaka ko kwando ya ɗauki ƙura. A shekarar 2019 ɗin kuma, Consumer Reports ta janye shawarar sayen injinan Dyson masu batiri, duk da cewa suna cin maki mai kyau a wajen shara, saboda tambayoyin da ta yi wa membobinta sun nuna yawan samun matsala bayan 'yan shekaru. Na kawo waɗannan biyun tare ne don ki ga iya shara daban, daɗewa daban, kuma kamfani ɗaya zai iya yin gaskiya a nan ya gaza a can.

Akwai wani tarko a nan. Ƙungiyoyin suna gwada samfurin da ake sayarwa a ƙasarsu. Injin da aka yi wa ƙasashe masu wutar bolt 120 ba lallai ya zama ɗaya da mai sunansa da aka yi wa masu bolt 230 ba, wani lokaci har kan burushin da filtar sun bambanta. Ki kwatanta cikakkiyar lambar samfurin da ke jikin injin, harafi da harafi.

Yanzu amfanin sharhin jama'a, domin yana da shi, kuma babba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗakin gwaji ba zai gaya miki cewa hannun injin yana gajiyar da wuyan hannu bayan minti goma ba, ko wayar ta yi gajarta, ko dogon gashi yana naɗe burushi har sai an sa almakashi duk mako, ko kamfanin ba ya amsa waya idan garanti ya taso. Waɗannan sai wanda ya zauna da injin. Yadda nake karantawa shi ne, ina barin makin da ke sama, in sa shafin ya jero mini sharhi daga na baya-bayan nan. Ina tsallake masu tauraro biyar gajeru da ba su faɗi komai ba sai "ya yi kyau sosai", in tsallake masu ɗaya da fushinsu na kwali ne da ya iso a murƙushe ko ɗan aike da ya makara. Masu biyu da uku da huɗu su nake zama da su, domin galibi su ne suka yi amfani da abin har suka ga alherinsa da aibinsa. Ina neman kalmomi irin "bayan wata takwas", "shekara ɗaya ke nan". Ƙorafin mutum ɗaya ƙaddara ce, kowane kamfani yana fitar da na banza jefi-jefi. Amma idan mutum goma sha biyu da ba su san juna ba suka ce maƙalin kwandon ya karye a wuri ɗaya, wannan aibin ƙira ne, kuma naki ma zai karye a nan.

Ki yi wa injin adalci kuma. Cikin waɗanda ake kawo mini da cewa "ya daina ja", mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. Filta ce ba a taɓa wankewa ba, ko an wanke an mayar da ita da danshi ta cushe, ko wani abu ya tsaya a gwiwar mesa, ko an zuƙi toka da garin siminti waɗanda ke like filta nan take. Irin waɗannan masu injin da yawa sun riga sun ba da tauraro ɗaya kafin su zo wurina. Idan mai ƙorafi ya ce ya wanke filta, ya duba mesa, ya cire gashin burushi, amma duk da haka ƙarfi bai dawo ba, maganarsa tana da nauyi. Idan bai ambaci ko ɗaya ba, ki ajiye ta gefe.

Alamomin sharhin haya kuwa, da zarar ido ya saba ba sa ɓuya sosai. Yabo hamsin a cikin kwana uku sannan shiru na wata biyu. Mutane daban-daban suna maimaita cikakken sunan injin da lambarsa kamar yadda yake a talla, abin da mai gida ba ya yi. Hotuna masu tsabta kamar na kamfani. Ki latsa sunan mutum biyu ko uku ki ga tarihinsu, idan kowane kaya tauraro biyar suke ba shi, kuma sun yi sharhin injin shara uku a wata ɗaya, kin gane. Sai dai yanzu da kwamfuta ke iya tsara rubutu mai santsi, kyawun lafazi ya daina zama hujja. Abin da har yanzu ke da wuyar ƙirƙira shi ne ƙaramin bayani na wanda ya yi aikin da hannunsa, kamar ya ce murfin filtar sai an juya shi hagu an ɗan danna kafin ya zauna.

Da ni ne a matsayinki, ga yadda zan yi da waɗannan biyun. Zan rubuta cikakkiyar lambar kowanne, in nemi ko wata ƙungiya mai zaman kanta ta gwada shi, in duba abu biyu kawai a sakamakon: yashin da ya ciro daga kafet, da ƙurar da ya huro waje. Wanda ba a taɓa auna fitar ƙurarsa ba, ba zan saya wa mai asma ba komai taurarinsa. Daga nan in karanta sharhi ashirin na baya-bayan nan na wannan samfurin, in ga ko akwai aibin da ke maimaituwa. Sannan in bincika ko ana samun filtarsa da jakarsa da bel da burushi a saya daban, idan mai batiri ne kuma ko ana iya cire batirin a sa sabo, domin batirin litiyom dole ya raunana da shekaru, injin da ba a canza masa batiri kuwa ranar mutuwar batirin ita ce ranar mutuwarsa. Idan ɗaya daga cikinsu mai jaka ne mai rufe bakinta idan an ciro, zan karkata gare shi saboda yaron, domin juye kwandon injin mara jaka yana tayar da ƙurar da aka sha wahalar tarawa. Idan duka marasa jaka ne, a riƙa juyewa a waje, yaron kuma ba ya kusa.

Idan ya iso, kada ki jefar da kwalin sai wa'adin mayarwa ya wuce, kuma ki gwada shi tun a kwanakin farko. Ki auna busasshen yashi, misali giram 100, ki murza shi cikin wani yanki na kafet da tafin takalmi, ki auna jakar ko kwandon kafin shara da bayanta a ƙaramin sikeli, ki ga nawa ya dawo. Babu injin da zai dawo da duka, amma idan abin da ya ciro bai taka kara ya karya ba, kin samu amsa. Da dare kuma, yaron yana wani ɗaki, ki kashe fitila, ki haska tocila mai ƙarfi a gefen mahaɗan injin da bakin da iska ke fita yayin da yake zuƙar ƙura. Tocila ba ta nuna mafi ƙanƙantar ƙura, don haka rashin ganin komai bai wanke injin gaba ɗaya ba. Amma idan kika ga ƙura tana fesowa a cikin hasken, ki mayar da shi cikin kwalinsa washegari.